Wayar Talabijin ta Tsohuwar Atari Ta Lalace: Ko Tana Gyaruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar na'urar wasa, Atari 2600 mai makunnai huɗu, wadda na gada daga yayana. Ɓera ya ci wayar da ke fitowa daga bayanta zuwa talabijin, wajen tsakiya. Na fere ta, na murɗe wayoyin, na naɗe da salatif. Hoto yana zuwa, amma yayyafi ya rufe shi, sautin kuma sai huci. Wayar ba a cire ta, a manne take da na'urar. Tana gyaruwa, ko in haƙura?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka haƙura, tana gyaruwa. Cikin duk abin da ke kama na'urar da ta haura shekara 40 a duniya, naka yana cikin masu sauƙi, kuma mai yiwuwa ne ka gama aikin ba tare da ka kunna ƙarfen soda ba.

Bari in fara da maganar da ka yi cewa wayar a manne take. Haka take a ido, amma ba haka aka yi ta ba. Atari 2600 ta fito a Amurka a 1977 da makunnai shida, mai huɗu irin taka ta biyo baya a 1980, kuma dukansu dabara ɗaya aka yi musu: kebul ɗin yana da filogi a kowane kai, ɗaya a waje wanda kake gani, ɗaya kuma a cikin akwatin. Ka cire adaftar wuta, ka zare kaset, ka kife na'urar a kan tawul, ka kwance sukurorin da ke ƙasa, ka ɗaga murfin a hankali. Bi wayar da ido daga inda ta shiga. Za ka ga ta zagaya ta wasu 'yan ginshiƙan roba, sannan ta je ta shige wani soket zagayayye a kan fanel, kusa da wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Filogin RCA ne, irin na bayan rediyo da bidiyo. Ka kama shi da yatsu biyu, ka ɗan murɗa, ka ja, zai fito. Sai a ƙaramin samfurin da ya fito a 1986 ne aka maido da soket ɗin waje. Kafin ka taɓa komai a ciki ka ɗauki hoto da wayarka, domin hanyar da kebul ya bi tana da amfani, zan dawo kanta. Sukurori kuma ka ajiye kowane a gefen da ya fito, kar dogo ya shiga ramin gajere ya fasa maka roba.

Yanzu dalilin da ya sa ɗaurinka bai yi ba. Wannan waya ba irin ta fitila ko lasifika ba ce, wadda in ƙarfe ya taɓa ƙarfe shi ke nan. Kebul ne mai hawa huɗu: siririyar wayar tagulla a tsakiya, farar roba da ta lulluɓe ta, ragar tagulla da ta zagaye robar, sai baƙar riga a waje. Ita na'urar ba hoto take tura wa talabijin kai tsaye ba. Wancan ƙaramin akwatin ƙarfen da ka gani, modileta, tashar talabijin ce 'yar mitsitsiya. Tana ɗaukar hoto da sauti ta ɗora su a kan zangon rediyo, ta turo su kamar yadda gidan talabijin ke turowa eriya. In na'urarka ta Amurka ce, tana fita a tasha ta 2 ko ta 3, wato 55.25 MHz ko 61.25 MHz (MHz ma'aunin saurin kaɗawar sigina ne), kuma akwai ɗan makunnin zaɓar ɗaya daga ciki. In ta Ingila ce, tasha ta 36 take fita, a 591.25 MHz. Ƙarfin wannan sigina bai kai kashi ɗaya cikin 100 na volt ɗaya ba, da gangan aka yi shi haka, don hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ba ta yarda na'urar wasa ta shiga talabijin ɗin maƙwabta ba. Dokarta ce ma ta sa samfurin farko na 1977 ya zo da kaurin sulken alminiyom a ciki har ya yi nauyi a hannu.

Sigina mai rauni haka ba abin da ke kare ta sai ragar nan. Aikinta biyu ne: ita ce hanyar da wuta ke komawa, ita ce kuma ke tare hayaniyar waje, ta caja da fitilun zamani da firji da tashoshin rediyo. Kamar gidan sauro take, in ta yage a wuri guda, lafiyar sauran ba ta da wani amfani. Da ka fere ka murɗe ragar ta koma igiya ɗaya a gefe, ka bar wayar tsakiya a fili na tsawon ɗan yatsa ko fiye, kuma wannan ɗan tsawon eriya ne. Ga shi tagullar da ta tsufa ta yi baƙi ba ta haɗuwa da kyau da murɗi kawai, salatif kuma da ya ji zafi sai ya saki.

Za ka ji ana yawan maganar om 75, om kuwa ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta ne. Gaskiya ne, kebul ɗin talabijin na om 75 ne, kuma wannan adadi ba abin da mitar awon wuta za ta nuna maka ba ne in ka auna. Daga kaurin wayar tsakiya da nisanta da raga da irin robar da ke tsakaninsu yake fitowa. Duk inda wannan tsari ya ɓaci, wani ɓangare na sigina yana komawa baya maimakon ya wuce. Sai dai a ganina mutane suna kambama wannan fiye da ƙima, su manta da raga. Ga lissafin. A tasha ta 3, tsawon zango ɗaya a iska kusan mita 4.9 ne, a cikin kebul mai irin wannan roba kuma ya ragu zuwa wajen mita 3.2. Haɗin da bai wuce santimita 2 ba, a gaban zango mai mita 3, kusan babu shi. A tasha ta 36 kuwa zangon a cikin kebul wajen santimita 33 ne kacal, don haka haɗin da Atari ta Amurka za ta yafe maka, ta Ingila za ta nuna shi a fuskar talabijin. Abin da za ka riƙe shi ne, haɗi ya zama gajere, kuma raga ta rufe shi ta kowane gefe.

Kafin ka yanka komai, ka tabbatar kebul ɗin ne kaɗai mai laifi. Sa talabijin a tashar da ta dace, tana yayyafi, ka saka kaset, ka kunna na'urar kana kallo. In yayyafin ya ɗauke gaba ɗaya, fuska ta koma baƙa sumul ko ta kawo dogayen layuka a tsaye masu launi, to sigina tana isowa lafiya, matsalar tana bakin kaset ko cikin fanel, sai ka fara da goge haƙoran kaset ɗin da sifirit da auduga. In ba abin da ya canja ko kaɗan, ka duba wuta da tasha tukuna kafin ka zargi waya. In kuma hoto ya zo cikin yayyafi, ya gyaru ko ya ƙara lalacewa idan ka taɓa kebul ko ka lanƙwasa shi, wannan na waya ne. Abin da ka bayyana ya fi kama da na ukun.

Akwai abin da ke ruɗin mutane a nan. Zuwan hoto ba shaida ba ne cewa wayar tsakiya a haɗe take. Sigina mai saurin kaɗawa irin wannan tana iya tsallaka 'yar tazara tsakanin kawunan waya biyu da suka tsinke amma suna kusa da juna, ta iso da rauni. Sai ka ga hoto dishi-dishi, launi na zuwa yana tafiya, ka ɗauka talabijin ce ta tsufa. Mita ce za ta raba gardama. Zare kebul ɗin daga na'ura da talabijin duka biyu. Wannan wajibi ne, domin in yana jone, kayan cikin modileta za su ba ka karatun ƙarya. Sa mita a wajen da take ƙara idan waya ta haɗu. Tsinken tsakiya na wannan kai da na wancan kai: ta yi ƙara. Zoben waje da zoben waje: ta yi ƙara. Tsinken tsakiya da zoben waje: ta yi shiru, kar ta yi ko ƙyas. Sannan ka sa wani ya riƙe maka tsinkayen mita, kai kuma ka bi kebul ɗin da hannu taƙi-taƙi kana lanƙwasawa, musamman gindin filogi da inda yake shiga akwati, nan ne waya ta fi karyewa a ciki alhali rigarta lafiya lau. Ɓera kuma ba ya cika cin wuri ɗaya ya tafi. Ka shafa kebul ɗin tun daga kai har kai, duk inda yatsanka ya ji ƙarzo ka duba da haske.

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda ta fi ba da hoto mai kyau, ita ce ka canja kebul ɗin baki ɗaya. Nemi kebul mai lamba RG-59 mai ragar tagulla da filogin RCA a kai biyu, ko kebul ɗin bidiyo mai kauri wanda aka rubuta om 75 a jikinsa. Kar ka ɗauki siririyar wayar sauti mai kai ja da fari. Za ta shiga soket, hoto ma zai zo, amma ragarta 'yan zarurruka ne kawai, yayyafin da kake gudu zai dawo. RG-6 da ake jan dish da shi ya fi riƙe sigina, sai dai yana da tauri, yana jan soket ɗin da ke kan fanel har sodarsa ta tsage, kuma ragarsa yawanci alminiyom ce wadda dalma ba ta kamawa. RG-58 ya yi kama da RG-59 sosai a ido, amma shi na om 50 ne, na masu rediyon sadarwa. Ka karanta rubutun jikin riga kafin ka saya. Tsawo kuma daidai buƙata, mita 2 ya ishi yawancin mutane.

Wurin da za ka iya cin karo da tangarɗa shi ne filogin ciki. Sarari a nan kaɗan ne, filogi mai ƙaton jikin ƙarfe yana iya hana murfi rufuwa, kuma na zamani wani lokaci tsinkensa ya fi na asali tsawo, sai ya ƙi zama daram. Jera sabo da tsoho a tafin hannunka ka gwada. In tsinken ya yi tsawo, ka rage shi kaɗan da zarto mai laushi, nesa da na'urar, ka share garin ƙarfen kafin ka kawo shi kusa da fanel. Kar ka danna murfi da ƙarfi don ya rufu a kan filogi.

Amma tunda ɓarnar taka a tsakiya take, akwai hanya ta biyu wadda ni na fi so ga na'urar gado irin wannan. Kebul ɗin asali dogo ne, an yi shi don yaro ya zauna nesa da talabijin. In rabin da ke haɗe da na'ura ya ci gwajin mita, ka yanke shi santimita 5 kafin wurin da ɓera ya ci, ka sa masa sabon filogi a nan, ka yar da ɗaurin gaba ɗaya. Ka rage tsawo, amma ba haɗi ko ɗaya a hanya, filogin ciki na asali yana wurinsa, na'ura kuma tana nan da kamanninta.

Ga yadda ake sa filogin, kuma a nan ne ake ɓata aiki, don haka zan ɗan daɗe. Abu na farko, zura murfin filogin a jikin kebul tun kafin ka fere komai, bakinsa yana kallon kan waya. Sannan ka auna kamar santimita 2 daga kai, ka zagaya baƙar rigar da reza a hankali, ba yanka za ka yi ba, tsaga kawai. Lanƙwasa wurin, rigar za ta buɗe da kanta, ka zare ta. In ka ga guntayen zaren tagulla suna zubowa, rezar ta shiga da yawa, yanke ka sake. Yanzu dubi ragar. In tana ƙyalli ja-ja, madalla. In ta yi baƙi ko kore, ka ƙara yankewa baya har ka sami mai haske, in kuma duk tsawon haka take, danshi ya shige ta, koma hanyar farko. Ɗauki allura ka warware saƙar ragar zare-zare, ka tattara ta gefe guda, ka murɗe ta gajere. Daga farar robar ka cire milimita 4 ko 5 kawai, iya abin da zai shiga tsinken filogi. Sauran robar ta tsaya a wurinta, ita ce katanga tsakanin waya da raga.

Sai soda. Dalma mai kashi 63 na kuza da 37 na darma tana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Celsius, mai 60 da 40 ma kusan haka, ƙarfen soda kuma ana sa shi wajen digiri 330 zuwa 350. Farar robar nan kuwa da ta wuce digiri 100 kaɗan ta fara laushi. Ka ga inda haɗarin yake. In ka daɗe da ƙarfe a kan waya, robar za ta narke a ciki inda ba ka gani, wayar tsakiya ta nutse cikinta ta je ta taɓa raga, ka rufe filogi kana murna, ka kunna ba hoto. Maganinsa shi ne kowane ɓangare ka shafa masa dalma shi kaɗai tukuna: kan wayar tsakiya, kan ragar da ka murɗe, cikin tsinken filogi, da kunnen ƙarfen da raga za ta zauna. Idan duk sun sha dalma, haɗa su ba ya wuce daƙiƙa 2 ko 3. Lokacin da kake yi wa raga, ka kama gindinta da filaya, filayar za ta shanye zafin kafin ya isa roba. Ka ajiye kebul ɗin a miƙe har ya huce, kar ka lanƙwasa shi da ɗumi. Dalmar da ta kama za ka ga ta kwanta ta bi jikin ƙarfe. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo a sama ba ta kama ba, ƙara man soda ka sake.

Kafin ka rufe, kai filogin gaban haske ka juya shi. Abin da kake nema zare ɗaya ne na raga, siriri kamar gashi, da ya kauce ya kwanta kusa da tsinken tsakiya. Shi kaɗai ya isa ya kashe hoton gaba ɗaya. Cire shi, ka matse 'yan kunnuwan filogin a kan baƙar riga, don in an ja waya riga ce za ta ɗauki nauyin, ba soda ba. Maimaita gwajin mita guda uku, ka rufe murfin, ka sake maimaitawa, domin wani lokaci murɗa murfi ne ke tura zare inda bai kamata ba. Ka yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu bayan ka taɓa dalma.

In lallai kana son tsawon duka, to haɗin da ya fi aminci shi ne filogi a kowane kai da ɗan ƙarfen haɗi a tsakaninsu. In babu sai haɗa waya da waya, ka zura robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi guda biyu, ƙarama da babba, ka tura ragar kowane gefe baya kamar hannun riga ba tare da ka warware ta ba, ka haɗa wayoyin tsakiya gefe da gefe da 'yar dalma, ka rufe da ƙaramar robar har ta hau kan farar roba ta ɓangaren biyu. Sannan ka jawo ragogin su haɗu su rufe wurin, ka naɗe su da siririn zaren tagulla, ka ɗiga dalma a wuri biyu ko uku da sauri, babbar roba ta rufe duka. Yana aiki, amma wurin zai zama mai tauri, kuma gefensa ne zai fara karyewa nan gaba.

Ɗayan kan, na wajen talabijin, shi ma yana da nasa. A na'urar Amurka filogin RCA ne, shi ya sa mutane ke cusa shi a soket ɗin bidiyo mai launin rawaya, su ga ba komai su ce na'ura ta mutu. Ramin eriya yake shiga. A da ana haɗa shi ta wani ƙaramin akwati mai makunni na zaɓar wasa ko talabijin, mai wayoyi biyu masu kai kamar cokali mai yatsu na om 300. In kana da shi, adana shi don tarihi, amma kar ka yi aiki da shi, makunninsa ya yi tsatsa kuma yana cin sigina. Ɗan ƙaramin kai mai mayar da RCA zuwa irin ramin eriyar talabijin ɗinka ya fi shi nesa ba kusa ba, ko mai murɗawa irin na Amurka, ko mai turawa irin na Turai. Sau da yawa wannan ɗan canji kaɗai yana rage yayyafi fiye da yadda mutum ya zata. Akwatin Nintendo NES mai canjawa da kansa kuma bai dace da Atari ba, domin yana jiran wata 'yar wuta da NES ke turowa ta cikin kebul, Atari kuwa ba ta turo ta.

Talabijin ɗin ma sai tana kama tashoshin analog, kuma ka sa ta neman tasha alhali na'urar tana kunne da kaset a ciki. In na'urar ta tsarin NTSC ce, wato na Amurka, talabijin kuma PAL, na Ingila da yawancin Turai, kaɗai ta sani, za ka iya samun hoto fari da baƙi, ko hoto ba sauti, komai kyan kebul ɗinka. Dalili shi ne a tsarin Amurka sauti yana nesa da hoto da 4.5 MHz, a yawancin Turai 5.5, a Ingila 6. Na kawo wannan ne saboda hucin da ka ambata: in ka gyara waya hoto ya fito tas amma hucin bai tafi ba, shiga saitin sautin tashar ka canja tsarin. In hoto ya zo ba launi, duba makunnin launi da ke gaban na'urar tukuna. Wasu sababbin talabijin kuma ba sa jituwa da siginar waɗannan tsofaffin na'urori ko an yi komai daidai. Tsohon bidiyo mai kaset da ke da ramin eriya, na tsari ɗaya da na'urar, yana iya karɓar siginar ya miƙa wa talabijin ta wayar bidiyo.

Duk wanda zai bi wannan bayani a kan wata na'ura daban, ya tsaya ya duba. Atari 5200 ta 1982, mai ramuka huɗu na jona abin sarrafa wasa, wutarta ta cikin kebul ɗin talabijin take bi, daga wani akwati na musamman, haka ma RCA Studio II ta 1977. A kansu, zaren raga da ya taɓa tsakiya ba hoto kawai zai ɗauke ba, wutar adafta zai haɗe. Intellivision ta farko kuma taransifoma tana cikinta, wutar gida tana shiga akwatin kai tsaye, ba a buɗe ta sai an zare daga bango. Taka 9V kawai ke shigarta daga adafta, ba za ta ja ka ba, kai ne ma za ka iya cutar da ita: taɓa wani ƙarfe ka sauke wutar jikinka kafin ka kai hannu kusa da fanel. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya kuwa kar ka buɗe ta kwata-kwata, tana aiki da dubban volt kuma tana riƙe caji bayan an kashe.

In ka canja kebul amma layuka masu karkata suna yawo a fuska, zargi adafta. Na zamani marasa nauyi da yawansu suna fitar da hayaniyar da ke shiga hoto, tsohuwa mai nauyi ta fi tsabta. Atari 2600 tana son 9V, kan filogi mai milimita 3.5, tsinin shi ne fositif, kuma ka fara cusa shi a na'ura kafin ka jona bango, don irin wannan filogi yana haɗe wuta na ɗan lokaci yayin shiga. Ka kuma girgiza soket ɗin RCA na kan fanel da yatsa. In yana motsi, sodar ƙafafunsa ta tsage, sabunta ta aikin minti biyu ne. Abin da nake roƙonka kar ka yi shi ne murɗa 'yan sukurorin da ke cikin naɗin waya a modileta da kewayenta. Ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai gautsi da ke farfashewa a bakin sukudireba, kuma in saitin ya goce, maido shi ba kayan awo wahala ce.

Wasu za su ce maka ka cire modileta ɗin kawai, ka sa ɗan fanel mai fitar da bidiyo da sauti kai tsaye. Hoton yakan fi tsabta idan aikin ya yi kyau, ban musa ba. Amma ba zan fara da shi ba. Mutane da yawa ba su taɓa ganin abin da wannan na'ura ke bayarwa da lafiyayyen kebul da kai mai kyau ba, suna yanke mata hukunci ne da waya mai shekara 40 da akwati mai tsatsa. Gwada gyaran nan tukuna. In daga baya ka ga sai ka yi canjin, ka fitar da wayoyin ta ramin da kebul ke bi, kar ka huda akwatin, ka kuma adana duk abin da ka cire.

Wajen rufewa, buɗe hoton da ka ɗauka ka mayar da kebul ta hanyar da ya bi, ta bayan 'yan ginshiƙan nan. Su ne ke ɗaukar fizga idan wani ya yi tuntuɓe da waya, in babu su soket ɗin fanel ne zai ɗauka. In sabon kebul ya fi tsohon siranta har yana zamewa, ɗaura masa igiyar roba mai zugewa daga ciki, dab da ramin fita, kar dai ka ƙulla kebul ɗin kansa, ƙulli yana matse farar robar. Gwada na'urar kafin ka ɗaure sukurori, sannan ka duba murfi bai danne waya ba. Idan za ka ajiye ta, kar ka naɗe kebul a jikinta. Rigar tsohuwar waya tana fitar da wani maiƙo da ke cin robar akwati har ya bar zane mai zurfi wanda ba ya goguwa. Naɗe shi da faɗi kamar taƙi ɗaya, ka sa shi a 'yar jaka shi kaɗai, na'urar kuma ta shiga akwati mai murfi inda ɓera ba zai kai gare ta ba.